Injin Da Ya Mayar Da Ni Cikin Sahu

Assalamu alaikum jama'a. Masu tambaya ko Bappa ya daina danna waya ne, to ga ni. Ban daina ba, yatsun ne suka tafi hutu ba su nemi izini ba.

Wata safiya ina alwala a gidana a Pantami, buta ta suɓuce mini. Na ɗauka, ta sake faɗuwa. Na buɗe baki in ce wa mai ɗakina butar nan ta lalace, sai maganar ta fito kamar ta mai tuwo da zafi a baki.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Malam, bakinka ya karkace." Nan take ta kira 'yarmu Fa'iza.

A asibiti aka auna jini, aka tura ni cikin injin hoton ƙwaƙwalwa. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo ta, Allah ya taimaka an zo da wuri. Kuɗin hoto da na magani kuwa, sai da na aika ruga aka sayar da bijimi.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba. Amma abin da ya fi ci mini rai kujerar roba ce. Bayan an sallame ni, a kanta nake sallah can gefen masallaci, ina nuni da kai. Watanni goshina bai taɓa ƙasa ba. Roƙona ɗaya: in sake tsayawa cikin sahu, in yi sujada kamar kowa.

Likitar gashin ƙashi, sa'ar Fa'iza ce amma ba ta wasa, ta ce, "Bappa, ƙafar nan ba ta mutu ba, mantuwa ta yi. Tafiya ce za ta tuna mata. Kullum, kuma ba tsaye-tsaye."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ni da na tashi a bayan shanu.

Ashe a Gombe ba a barin tsoho ya yi tafiya a ƙasa.

Ban kai bakin layi ba mai keke ya taka birki: "Baba shigo, kyauta ne." Na ce motsa jiki nake yi. Ya girgiza kai cikin tausayi. Gaba kaɗan wani tsohon abokin aikina ya tsayar da mota ya buɗe ƙofa. Masu shago kuwa sai durƙusawa, ya jiki, ya iyali, Allah ya ƙara sauƙi. Kuma ba ka wuce mutum yana durƙushe. Na dawo gida na gaisa da rabin unguwa, ko gumi ban yi ba.

Da la'asar ƙanwata ta bugo wa Fa'iza daga Tumfure tana faɗa: an ga yayanta yana jan ƙafa a titi, motocin 'ya'yansa na mene ne? Fa'iza har kuka ta yi.

Shi ne likita ta ce a nemo injin tafiya, irin mai shimfiɗar roba da ke zagayawa ƙarƙashin ƙafa.

Hajiya ta ce, "Wato za ka biya kuɗi ka yi ta tafiya ba ka je ko'ina ba?" Na ce ai aikin gwamnati ma haka muka yi shi.

Muka je shago da Fa'iza. Mai shagon, saurayi mai fara'a, ya kai mu gun wani ƙato mai allo kamar talabijin. "Alhaji, wannan gudunsa kamar mashin."

Na ce, "Ɗana, wa zan kora? Nuna mini tafiyarsa mafi sanyi."

Ya ce tunda ya buɗe shago ba wanda ya taɓa tambayarsa haka. Ya kunna. Ashe sanyin ƙaton ma ya fi ƙarfin ƙafata.

Ya nuna mini wanda ba ya amfani da wuta, mai araha. Na hau, sai da ƙafa ake tura shi, ta hagun ta ce ba da ita ba.

Can lungu akwai wani marar kwalliya, mai dogayen hannuwa a gefe biyu da shimfiɗa mai faɗi. Yana farawa a hankali kamar rakiyar amarya. Na ce, "Idan aka ɗauke wuta ina kai fa?"

Ya ce yana ganin ba komai. Na ce to hau, Fa'iza ta zare fulogi. Ya hau, ta zare, ya yi taga-taga ya cafke hannuwan nan. Muka yi dariya har da shi. Dogayen hannuwan nan suka sa na saye shi.

Makon farko na sauko ina haki, Hajiya na tsaye a bayana da hannu a buɗe. Wata rana na ce na gaji, a rufe shi da zani. Ta ce, "To in ajiye maka kujerar ke nan har abada?" Na koma na hau.

Masu zuwa dubiya kuma suka saba. Su zauna a falo mu gaisa, ina amsawa ina tafe.

Juma'ar da ta wuce na shiga sahu da ƙafafuna. Da liman ya yi kabbarar sujada na sauka a hankali, goshina ya taɓa tabarma. Na kusa manta ɗagowa. Maƙwabcina a sahu ya ji ina shessheƙa, bayan sallama ya riƙe hannuna.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitoci da nas-nas, da Fa'iza, da Hajiya mai baki da zuciyar kirki, da ku masu addu'a.

Ku riƙa auna jini ko ba ku jin komai. Baki ya karkace ko hannu ya saki, asibiti kai tsaye. Mai son injin nan ya fara tambayar likita, kuma ya hau da kansa kafin ya biya. A maƙala wa riga igiyar da ke tsayar da injin in mutum ya zame. Kada a hau da babbar riga ko dogon zani.

Wanda ba shi da halin saye kuwa, titi ne injinsa. Don Allah in kun ga dattijo yana takawa, ku jera da shi ku gaisa kuna tafe. Wataƙila sujadarsa yake nema.