Mashin Ɗina Ya Riga Ni Zuwa Gida

Jama'a, wallahi abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba. Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a Ibadan, sai ƙanwata Hadiza ta bugo waya daga gidanmu na Ƙofar Galadima, cikin birnin Zariya, ta ce, "Yaya, jikin Inna ya yi tsanani, tana ta tambayar ka." Dama na gaji da zaman can, na ce to tashi zan yi gaba ɗaya.

Kayan ɗaki na rabar, keken ɗinki na sayar, sai mashin ɗina da ko wata shida bai yi ba, shi ne na kasa bari. Na samu motar tumatir mai komawa Arewa da kwanduna fanko, direban wani Malam Isa ya ce sai jibi zai tashi. Maƙwabcina ya ce in hau bas yau, mashin ya biyo ni. Ni da son abin duniya na ce ina, yaran mota za su kankare mini fenti. Kun ji fa, fenti! Na zauna jiran jibi.

Da hannuna na tsiyaye man tankin tas, don ba a loda mashin da mai a ciki, na cire madubai, na rufe shi da buhuna, muka ɗaure da igiya, makulli na aljihuna. Na hau gaba kusa da direba. Kwana biyu muna hanya, wayata ta mutu tun a Jebba.

Da hantsi muka iso bakin ganuwa, inda babbar mota ba ta shiga lungunanmu. Muka kwance igiya, ƙullin da na yi yana nan yadda yake. Ina kama mashin ɗin, salansa ta ƙone ni a ƙauri, har yau tabon na nan. Malam Isa ya taɓa injin ya janye hannu, ya ce, "Subhanallahi, wannan ai yanzu aka kashe shi." Na buɗe tanki, a bushe ƙayau. Malam Isa ya ƙi ko karɓar ruwan da na saya masa, ya ja motarsa.

Haka na tura shi har gida. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar zaure da mutane zazzaune. An kai Inna tun jiya da la'asar.

Da na shiga ciki Hadiza ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Yaya, ina ka shiga jiya? Ana ta neman ka wajen sallar gawa."

Na ce, "Wace jiya? Yanzu na sauka."

Ta ce in ji tsoron Allah. Wai jiya da azahar ta ji ƙarar mashin ya tsaya a zaure, ta ji sallamata, ta ga bayana ina shiga ɗakin Inna da wannan shuɗiyar rigar da ke jikina. Ta tafi ɗebo mini ruwa, tana dawowa ta tsaya a bakin labule saboda abin da ta ji. Ni ɗan fari ne, kun san al'adarmu, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ni tunda na yi wayo "wancan" take ce mini. Amma Hadiza ta rantse ta ji Inna ta kira sunana sau uku, ta ce, "Ka zo? Na yafe maka duniya da lahira." Da ta ɗaga labule ba kowa, Inna ta cika.

Mutum uku cikin masu zaman makoki sun ce sun ga mashin a zaure, ba madubai. Limamin unguwa ya ce in gode wa Allah, yafiya ta isa inda aka aike ta. Na ce to, don dattijo ne, amma raina bai karɓa ba. Shekara arba'in da biyu ina jiran in ji sunana a bakin uwata, ta faɗa sau uku, kuma ba kunnena ne ya ji ba. Ban san wane ne ya durƙusa a gabanta ba, ban san me ya amsa mata ba, kuma abin yana ci mini rai har gobe.

Ku da iyayenku ke raye, in aka ce ku zo, ku bar komai a inda yake ku hau mota. Kada ku tsaya har wani abu ya je a madadinku.