Bangon da aka yi wa kwalliya saboda ni

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da abokina mai mota, da kyamara a cinyata. Sana'ata sassaƙa ce a kwamfuta: in gina siffar abu, sannan in lulluɓa mata fata. Mu ’yan sana'ar matiriyal muke kiran fatar nan, ita ke sa a ga abu a ce ƙarfe ne ko laka.

Kakata, da muke kira Iya, tana cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga ƙauyensu. Idonta yana ja da baya a kullum, ni kuma na ci alwashin gina mata gidan aurenta a kwamfuta ta gani kafin ganin ya ƙare. Siffa ta fito daidai, amma da na shafa lakar da ta zo da manhajar, sai Iya ta ce wannan ai kunun gyaɗa ne, ba bangonsu ba. Dole in nemo bangon yaɓen makuba na gaske, in ɗauki hotonsa, in haɗa tawa fatar.

A garin Ƙofa muka karya da ƙosai da koko. Ƙosan ya ƙanƙance har sai da na tambayi mai suyar ko na gwaji ne, ta ce in je in tambayi masu mai. Muka zaga gari ina leƙen katangu kamar mai neman haya. Bulo, siminti, kwano. Inda lakar ta rage kuma damina ta zaizaye ta, ba yaɓe ba alamarsa. Haka a Ɗangora. Gaskiya na tsorata, don ni a birni na ɗauka bangon laka abu ne da ba ya ƙarewa a ƙauye.

Ban karaya ba, saboda akwai wani dattijo a wajen Doguwa, ƙanin kakan abokina, da aka tabbatar min zaurensa tsohon yaɓe ne. Tun makon da ya wuce na kira shi na ce za mu zo ɗaukar hoton bangon. Muka ci shinkafa da wake a Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore abokina yana tuƙi yana salati a kowane rami, muka sauka hanyar burji tsakanin gonakin masara.

Da muka tsaya ƙofar gidan sai na kasa fita daga mota. Zauren yana nan, an shafe shi da siminti sumul, an bi da shuɗin fenti da ko bushewa bai gama ba. Dattijon ya fito da fara'a, muka durƙusa muka gaisa, ya ja hannuna har jikin bangon.

"Ɗan nan, ka ce hoto za ka ɗauka mutane su gani. Ya za a yi in bar shi da tsohuwar laka kamar gidan da ba kowa?"

Ashe masararsa ya sayar ya yi min wannan karamci. Na ce, "Baba, ya yi kyau, Allah ya ƙara arziki," na ɗauki hotonsa a gaban shuɗin bangon yana gyara hula.

Muna shan fura ne na hangi bayan zauren, inda simintin ya ƙare musu: wani ɗan wuri da bai fi faifai ba, jan yaɓe da sawun yatsu a jiki. Na jira gajimare ya rufe rana don kada inuwa ta shiga hoton, na ɗauka ta kowace kusurwa. Dattijon yana ta ba ni haƙuri cewa nan ma za a shafe.

Da muka dawo na fitar da launin daban, zurfin sawun daban, na daidaita gefuna yadda zai maimaitu ba a ga gaɓa ba, na shigar cikin manhajar na lulluɓe gidan. Iya ta kawo fuskarta dab da allon, ta daɗe.

"Lakar ce," ta ce. "Amma wane ne wannan da ya yaɓe gida guda shi kaɗai? Namu gayya aka yi. A namu, nan Bahago ne ya yaɓe, sawunsa hagu yake karkata. Gefen ƙofa kuma kakanka ne, nasa yatsu huɗu, lauje ya ɗauke ɗaya."

Ban taɓa sanin haka game da kakana ba. Hannu ɗaya na maimaita a bango duka, ita kuwa mutane take nema a jikinsa.

Tafiyar ta koya min kada in ƙara sanar da Bahaushe cewa zan zo ɗaukar hoton tsohon abinsa. Sauran darasin a gida na same shi. Na janyo kujera kusa da Iya, tana faɗin suna ina sassaƙa sawun da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo gefen ƙofa na ja yatsu huɗu a lakar, sai ta ɗora nata a kan allon, ta ce in ɗan dakata tukuna.