Kawu Arzika Mai Taɓa Kafaɗa

Duk wanda ya san Kawu Arzika a Matankari ya san ba ya gaisawa da hannu. Kana miƙa masa hannu zai wuce shi ya cafki kafaɗarka, ya dinga latsawa kamar mai tayin rago. Sai ya gama sannan ya ce, "Kwana lahiya?" Kai kuwa ka amsa ko kar ka amsa, shi ya riga ya ji abin da yake son ji. Maɗori ne, wan mahaifiyata, kuma a cikin ƙasusuwan jikin ɗan Adam kaf, kafaɗa ce ta shiga ransa.

Kun tuna shekarar da aka samu mulkin kai, da aka kawo mana sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, daga Yamai? Saurayi ne ɗan gaye, muna ce masa Mushe, wato malam da Faransanci, ya zo gaida manya cikin kwat mai tudun kafaɗa. Kawu ya cafka, ya latsa, ya sake latsawa, sai fuskarsa ta canza.

"Mushe, ina ƙashin?"

"Kwat ce, Baba, auduga ce a ciki."

"Alhamdu lillahi! Na ɗauka Annasara sun tahi da shi."

Har malamin ya bar garin ba a sake ganinsa da kwat ɗin nan ba.

Ga rowa! In an yanka akuya a gidan suna, Kawu ba ya son hanta, ba ya son cinya, karfata, wato kafaɗar akuyar, kawai yake jira. Matarsa Inna Ige sai ta dafa ƙashin nan sau uku kafin ya yarda ya gama aiki. Ko a nan ma ba a yar da shi, cikin burgaminsa, jakarsa ta fata, yake shiga, don da shi yake wa mutane karatu. Zai fito da allon kafaɗa da ƙashin dantse ya haɗa su, ya ce, "Ku diba. Ƙugu taɓarya ta cikin turmi, ta zamna daram. Amma kahwaɗa ƙwallon goriba ta bisa bakin ludayi, jijiya da tsoka kaɗai ka riƙon ta. Shi ya sa take zuwa gaba, ta zo baya, ta hau bisa, ta kewaya. Shi ya sa kuma take gocewa." Inna Ige takan ce daga madafa, "Ta goce ko kar ta goce, miya dai ba ta da mai."

Akwai ranar da aka tara gari a gindin gawo, manya suka zo daga Dogon Dutsi suka yi jawabi, aka ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga. Sai ga Kawu yana ratsa sahu yana leƙa hammatar mutane.

"Kai Noma, naka bai kai kunne ba, ka iske ni gida."

Aka ce, "Arzika, kai ka yarda?"

Ya ce, "Da mi?"

Ni ma ina cikin masu yi masa dariya, har abin ya zo kaina. Wata rana a rijiya igiyar guga ta fizge ni, kafaɗata ta dama ta goce. Kawu ya mayar da ita kafin in gama ihu, ya ɗaure, ya ce bayan mako uku in kwance in dinga motsa ta. Ina! Tsoro ya hana ni. Na manne hannun a ciki wata uku, har ya sandare. Ba na iya daka, ba na iya ɗaga tulu, abin da ya fi ci mini rai kuma ba na iya kai hannu baya in goya ɗana Idi. Maigidana ya tafi cin rani. Surukata ta zo ta ga yaro yana bin ƙasa yana kuka, ta ce in kaka ta yi ban iya goyo ba, za ta yaye shi ta tafi da shi Dogon Kiriya. Ba da mugunta ta faɗa ba.

Na je wa Kawu da kuka. Ya latsa, ya ce, "Ɗaga." Na ce ba zan iya ba. Ya ce, "To shi ke nan." Wallahi iyakar abin da ya ce ke nan, na koma gida ina jin haushinsa.

Washegari da hantsi sai ga shi a ɗakina, wai fura ya zo sha, ta gidansa ta yi tsami. Ƙwaryar furata tana rataye a ragaya, daidai ƙirjina. Ya ɗauki Idi ya danƙa mini a hannun hagu.

"Riƙe ɗanki, Dije, ni hitsari shika yi min. Sauko min da hura."

"Kawu, da wane hannun?"

"Nawa gare ki?"

Haka na miƙa na dama ina cije leɓe. Ya aike ni tsakar gida neman ludayi, ya shanye fura tas, bai ce an gode ba. Da zai fita ya ce, "Ke, ƙarangiya ta kama miki zane ta baya." Na lalubo da ƙyar na cire.

Kullum fa! Damina guda mutumin nan yana shanye mini fura, kullum ludayi ya ɓata, kullum akwai ƙarangiya a bayana, ni da ko gona ba na zuwa. Har ƙararsa na kai wa Inna Ige. Ta ce, "Yi haƙuri ɗiyata, ni shekara arba'in nika hwama."

Ranar da surukata ta dawo, an fara yankan gero, Kawu yana zaune da ƙwarya a cinya. Idi ya taka garwashin da ya gangaro daga murhu ya callara ƙara. Ban san lokacin da na sure shi, na cilla a baya, na ja zane na ɗaure ba. Sai da na ga surukata ta saki baki na gane abin da na yi.

Kawu ya ajiye ludayi ya ce, "To, na huta. Dama hurarki ba ta da daɗi."

Bayan ya fita na dubi ragaya, sai na ga ta kusa taɓo rufin ɗaki. Igiyarta duk ƙulli ne, ɗaya bisa ɗaya. Duk ranar da ya aike ni neman ludayi, ƙulli guda yake ƙarawa. Ƙarangiyar ma a burgaminsa yake kawo ta, kowane mako yana maƙala ta sama da inda take a da. Idi bai je Dogon Kiriya ba, a bayana ya ƙarasa shan nononsa.

Da ciwon ajali ya kama Kawu, wasiyyarsa guda ce. Ya ce masu ɗaukar makararsa su dinga sauya kafaɗa, kar wani ya ji ciwo ba ya nan. Idi, wanda ya zama magidanci a lokacin, yana cikin waɗanda suka ɗauka. Ya ce mini sun sauya, suna tafe suna dariya, hawaye na zuba.

Ragayar tana nan a ɗakina, ban kwance ƙulli ko ɗaya ba. Yau da wannan hannun nake goya jikoki, kuma da shi nake ɗagawa in roƙa masa. Allah Ya ji ƙan Kawu Arzika, Ya sauke masa duk wani nauyi, Ya sa ya huta. Amin.