Hajiya Sa'adatu Isyaku da Sunan da Kulu Ta Bar Mata

Haihuwa da Karatu

An haifi Hajiya Sa'adatu Isyaku a unguwar Gyadi-Gyadi ta birnin Kano a shekarar 1954, lokacin da unguwar ba ta wuce 'yan gidaje a gefen titin Zariya ba. Mahaifinta, Malam Isyaku, tela ne, mahaifiyarta Indo kuwa makitsiya. Bayan karatun allo aka sa ta firamare a 1961, inda malamai suka lura cewa yarinyar da kunya ba ta barinta ta ɗaga kai ta gai da baƙo, da zarar an ɗaura mata ɗankwalin tsohuwa an tsayar da ita gaban jama'a, sai ta rikiɗe ta zama wata daban.

Aure da Wasan Daɓe

A 1972 ta auri Malam Lawan, makanikin manyan motoci, mutum mai sanyin hali da bai taɓa hana ta sana'arta ba. Ta shafe shekaru tana wasan daɓe a zaurukan makarantu, galibi kan rigakafi da yaƙi da jahilci, kafin gidan talabijin ya ɗauke ta a 1977. Ta haifi ɗanta na fari, Abdulmalik, a 1974.

Shekarar Kulu

A 1979, shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, gari na cike da tutocin jam'iyyu, aka ba ta fitowa a matsayin Kulu, tsohuwar mayya mai kama kurwar yara. Shekarunta ashirin da biyar, amma ta shafa gawayi a haƙori, ta ranƙwafa, ta sauya murya, har mijinta ya ce shi ma gabansa ya faɗi. Talabijin ɗaya ce a layinsu, a shagon wani mai shayi, kuma da yawa daga masu kallon ba su daɗe da barin ƙauye ba. A wurinsu gani ya kori ji. Aka fara raɗa cewa wanda bai san abu ba, ba zai iya kwaikwayonsa har haka ba.

A daminar 1980 Hasana mai shekara shida, 'yar maƙwabcinta Ɗan'azumi, ta kwanta da zazzaɓi mai zafi, tana sambatu tana kiran sunan Kulu. Bayan la'asar jama'a suka cika ƙofar gidan Sa'adatu, alhali mijinta yana can hanyar Jos yana gyaran mota. Abin da suka zo nema sananne ne: wanda ake zargi da maita shi ake sawa ya tsallake majinyaci sau uku, domin ya saki kurwar da ya kama. Uban yarinyar bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Uwar Abdulmalik, ba mu ce ke ce ba. Ki dai tsallake ta, don Allah don Annabi."

Ta fahimci ba ta da mafita. In ta ƙi yarinyar ta mutu, ita ta kashe. In ta tsallake yarinyar ta tashi, to ta tabbata mayya. Ta dubi matasan da ke riƙe da duwatsu, ta dubi yarinyar a kan tabarma, ta tsallake ta sau uku. Hasana ta warke. Babu wanda ya ƙara tuna allurar da aka yi mata a asibiti kafin nan, kuma sauƙin da Sa'adatu ta yi ta roƙa wa yarinyar shi ya liƙa mata sunan.

Zaman Tarauni

A 1981 suka ƙaura zuwa Tarauni, sai suka tarar labarin ya riga kayansu isa. Uwaye na janye 'ya'yansu in ta gifta. Ita ma ta ɗora wa kanta dokoki masu tsauri: ta daina yaba kyan jariri, ta daina ba yaran maƙwabta abinci, ta daina zuwa dubiya da barka, don kada wani ya kwanta bayan fitarta a ce ita ce. Goron suna in an aiko, yara ke karɓa a zaure, ba ta tambayar na wane gida ne.

Ta san zumunta a ƙafa take, ta kuma san wanda ba ya zuwa na mutane ba ya sa ran a zo nasa. Ba mutuwa take tsoro ba. Tsoronta shi ne ta mutu a rasa macen da za ta wanke ta. Bayan rasuwar Malam Lawan a 1993 tsoron ya ƙaru, har ta riƙa ce wa 'yarta Sadiya, "Ki koyi wankan gawa, 'yar nan, kada a bar ni a yashe."

Fina-finai da Lambar Yabo

Da finafinan kaset suka bunƙasa ta fito a fiye da ɗari, kullum a matsayin uwa ko kaka mai nasiha, kuma duk furodusan da ya kawo mata rawar muguwa sai ya koma da abinsa. A 1999, da mulki ya sake komawa hannun farar hula, wata ƙungiyar masu shirya fim ta ba ta lambar yabo ta gwarzuwar 'yar wasa. A wurin taron aka haska guntun wasan Kulu, zaure ya ɗauki tafi, ita kuwa idonta na kan ƙofar fita. Lambar ba ta taɓa hawa bangon ɗakinta ba. Ta sauke farali a 2003, ta yi ritaya a 2011.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa da safiyar wata Talata a 2017, bayan gajeriyar jinya, tana da shekara sittin da uku. Sadiya tana aure a Maiduguri, ba ta da halin isowa kafin jana'iza. Matan unguwa suka taru a tsakar gida suna kallon juna, kowa na jiran wata ta fara tashi, ruwan wanka na hucewa a bokiti.

Ana haka wata mata ta yi sallama, daga Hotoro, ta ji sanarwar a rediyo. Ta ajiye mayafinta, ta nemi ganyen magarya da likkafani. Da aka tambaye ta ko ita wace ce, ta ce, "Ni ce Hasana, wadda marigayiyar ta tsallake. Abin da na tuna a ranar, hawayenta ne da ya ɗiga a goshina." Ta shiga ɗakin, mata biyu suka tashi suka bi bayanta.

An yi mata salla bayan azahar, aka binne ta a maƙabartar Tarauni. Ta bar 'ya'ya uku, Abdulmalik da Sadiya da Sadiq, da jikoki goma sha ɗaya. Ta kuma bar takwara guda, Sa'adatu 'yar Hasana, wadda aka kai goron sunanta har zauren marigayiyar a 1996, ita kuwa ba ta tambayi na wane gida ne ba. Allah ya jiƙanta.