Gansakukar Manaja

Har yau ban manta da ranar da aka tura mu kududdufi da bokitai ba. Lokacin ina shekara ta biyu a wata gonar kaji da ke hanyar Gumel zuwa Maigatari. Ɗakunan kajin ƙwai uku ne. Biyu suna hannun Baba Sale, dattijon da aka buɗe gonar da shi, na ukun kuma nawa. A samanmu akwai manaja, surukin Alhaji mai gonar, mutumin da bai taɓa ɗaukar kaza da hannunsa ba.

Wata Litinin a ƙarshen damina ya tara mu yana ɗaga waya. Wai ya ga a ƙasashen waje ana ba kaji gansakuka, sai ƙwansu ya fito da wani mai da ake kira omega, mai amfani ga zuciya. Har ya buga takardun da za a manna a kan kiret ɗin ƙwai. Ya ce mu riƙa ɗebo ta kududdufi muna zubawa a abincin kaji. Na karɓi wayar na duba. Hoton garin gansakuka ne a cikin buhu mai tambari.

Na ce, "Yallaɓai, tasu nomanta ake yi a wuri mai tsabta. Kududdufinmu kuwa shanu ke fitsari a ciki."

Ya ce, "Gansakuka ai gansakuka ce. Sakandare kika gama, ki tsaya a matsayinki. Duk wanda bai zuba ba, ya ajiye rigar aiki."

Baba Sale mai iyali ne, ya zuba. Ni kuwa kullum sai in ɗebo rabona, in zagaya bayan ɗaki in juye, in rufe da tsohon buhu.

Kafin mako ya zagayo, kajin Baba sun kama zawo. Ƙwai ya ja baya, kowace safiya sai an fitar da matattu. Alhaji ya zo da kansa. Manaja ya tare shi tun daga ƙofa.

"Ranka ya daɗe, dubi ɗaki na uku. Abinci ɗaya suka ci, ga su nan garau. Tsohon nan ne bai iya gaurayawa ba. A sallame shi kawai."

Baba Sale ya sunkuyar da kai. In na yi shiru, ni ce gwanar gona, shi kuma ya tafi gida. In na yi magana, na tona wa kaina asiri.

Na ce, "Alhaji, zo ka ga omega."

Na kai shi bayan ɗaki, na yaye buhun. Ƙudaje suka tashi. Alhaji ya toshe hanci da hannun babbar riga, ya daɗe yana kallon surukinsa.

Likitan dabbobi ya zo washegari. Ya ce maganar omega gaskiya ce, amma da irin gansakukar da ake nomawa musamman a sarrafa, ba wannan ƙazantar ba. Baba Sale ya ci gaba da aikinsa. Da zan wuce ya ce, "'Yata, bakinki ba linzami, amma Allah Ya yi miki albarka."

Ni kuwa takardar gargaɗi na samu, ta ƙin bin umarni. Manaja ne ya sa hannu, yana nan kuma a kujerarsa.

Ku sababbin ma'aikata, ga abin da na koya. A aikin nan kaza ba ta san wane ne surukin wane ba, abin da aka zuba mata shi take nunawa. Mutane ne ke ƙarya. Kuma in za ku ƙi umarnin banza, kada ku zubar da shaida da nisa.