Aduwar da Shamuwa Ta Dawo Nema

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar taubashina Idrisu, kuma bana ne na tabbatar wa kaina cewa wautata ba ta tsufa tare da ni ba, ƙara ƙarfi ta yi. Ni mai ɗinkin buhu ne a kasuwar hatsi ta Gadarif, karatuna bai wuce na allo ba, shi ma da kyar. Idrisu ɗan kawuna ne, mai awon riɗi. Gida ɗaya muka gada, dangar kara ce kawai tsakanin sashena da nasa. Kowa ya san dokar taubasai: in zage shi a gaban jama'a, ba shi da ikon fushi. Na mori wannan doka fiye da yadda kakanni suka nufa.

Kafin ajalinsa da 'yan shekaru, ɗansa da ke aikin jinya a Ingila ya ɗauke shi aka yi masa aikin ido. Mun zaci zai dawo da labarin benaye. Sai ya dawo da labarin wani ƙaramin gari da kasuwarsa ke ci rana ɗaya a mako, a filin da take ci tun zamanin da ake kawo ulun tumaki a kan dawaki. Ya ce akwai tsohuwar rumfar dutse a tsakiyar filin, ba wanda ya isa ya taɓa ta. Agwagwa na tsallaka titi, motoci su tsaya. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne maƙwabcin ɗansa, wani tsoho, wanda ya huda ƙasan katangarsa don bushiya ta riƙa wucewa daga lambu zuwa lambu.

A wajen mai jabana, wato mai gahawa, na ce masa, "Ya Hajj, an gyara maka ido ko an lalata maka kai? Ka je ƙasar Turawa, bushiya ka gano?" Tun daga ranar nan, kasuwa ta sa masa suna Sarkin Bushiya. Ya dawo gida ya yanka ƙofa a gindin dangarmu. Ni kuma na kifa kwando a ɓangarena. Bushiyar da ta fara shigowa, da yaji muka ci ta, na aika masa da fatar.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Bala, kai ba ka ji abin da nake faɗa ba. Garinsu kamar namu ne. Kasuwa ce ta haife shi. Bambancin, su sun tuna."

Daga nan ya shiga tuna mana. Ya ce Gadarif ma kasuwa ce kafin ta zama gari, kuma kakanninmu da ƙafa suka iso daga yamma za su hajji, suka tsaya noman guzuri, guzurin bai cika ba har yau. Ya ce yana yaro barewa kan zo har bakin gonaki, zabin daji kuwa a hanyar Gadambaliya sai an kore su, kafin tarakta ta share dajin. Abin da ya rage mana a gida shi ne aduwar da ke jikin danga, inda shamuwa, wadda Larabawa ke kira simbiriya, take sheƙa duk damina. Gindin bishiyar a sashena yake. Kashin tsuntsayen ma a kan gadona yake sauka. Na sha cewa zan sare ta, shi kuma ya ce ranar da na yi hakan in nemi wani taubashin.

Da Idrisu zai leƙo garin yanzu, ba zai gane layin awonsa ba. Yaƙi ya kwararo mana mutanen Khartum da Madani, makarantu sun zama gidaje, kowace inuwa da mai ita. Na san zai fara raba abin da ke rumbunsa kafin ya tambayi sunan kowa. Cikin masu gudun akwai 'yata da yaranta biyar. Suna buƙatar ɗaki, wannan gaskiya ce. Fili ɗaya ya rage a sashena, gindin aduwa. Da rani, shamuwa ba ta nan, matar Idrisu, Yaya Hauwa, ta tafi gaisuwar mutuwa Fashaga, sai na kira masu gatari. Na ce wa kaina yara sun fi tsuntsu. Abin da ban faɗa wa kaina ba shi ne, na zaɓi makon da ba ta gida, kuma da bishiyar ta faɗi na ji wani daɗi irin na wanda ya ci gardama.

Yaya Hauwa ta dawo ta dubi sararin. Har kunu ta aiko wa magina.

Da hadarin farko ya haɗu, shamuwa suka iso, su biyu. Suka yi ta kewaya gidan, suka sauka a kan kwanon sabon ɗakin, ya yi musu zafi, suka tashi, suka sake dawowa. Jikokina na ta murna sun ga manyan tsuntsaye. Ni ban iya ɗaga kai ba.

Me ya saura na Idrisu? Riɗin da ya auna an cinye. Ɗansa na can garin agwagwa. Sunan da na jawo masa ne ya fi komai daɗewa, har yaran da ba su san shi ba suna kiran layin da shi. Sai ƙofar nan ta gindin danga, wadda duk shekara in an sabunta kara Yaya Hauwa take sa a bar ta. Na daina kifa kwando tuntuni, amma ban taɓa faɗa masa ba.

Ranar da tsuntsayen suka haƙura suka wuce, muna tsaye ni da Yaya Hauwa, danga a tsakaninmu. Ta juya ta dubi ɗakin mijinta, wanda yake kulle tun ranar da aka fitar da gawarsa.

Ta ce, "Bala, da ka tambaye ni, ai da ɗakinsa na ba yaran."