Zaren da Lutgart ta Rantse Ba Fari Ba Ne

Rigimar da Lutgart ta sha kaye a cikinta, a shagon Firmin mai zare aka yi ta, kuma ina wurin don ni na raka ta. Tana shiga ta dangwarar da ƙunshin zare a kan kanta.

"Kai Firmin, shekara arba'in ina ciniki da ubanka, bai taɓa ba ni zare mai kalar haƙoran tsoho ba. Fari na ce maka!"

"Iya Lutgart, ai fari ne fat."

"Fat a gidan wa?"

Firmin bai ja da ita ba. Ya ɗauko wani zaren mai ruwan madara, ya jera su biyun a bakin ƙofa inda haske yake, ya ce ta nuna farin. Ta duƙa, ta ƙanƙance ido, ta ɗora yatsa a kan mai ruwan madarar. Matan da ke shagon suka kwashe da dariya. Ta miƙe ta ce gilashin tagarsa ne ya yi dauɗa, ta fice. Ni ta bari da ɗaukar mata jaka.

Tare muka koyi saƙar leshi wurin sistocin coci a nan garin Brugge na ƙasar Beljiyam, muna 'yan shekara bakwai. Ni na gudu da wuri na kama aiki a gidan burodi, don ina son bayana ya zauna a miƙe. Ita ta lazimci matashin da take kafa saƙarta a kai da allurai, shekara sittin da shida ke nan, a tagar gaba, 'yan sandunan zare na ƙwas-ƙwas a hannunta kamar kaji na tsattsaga. A unguwarmu babu hannun da ya kai nata. Babu kuma kan da ya kai nata tauri.

Tabaran marigayi mijinta Remi take sawa, wai asara ce a bar shi a aljihun tebur. Na ce, "Ke tsohuwa, Remi nesa ce ba ya gani, ke kusa ce ke ba ki wahala. Takalminsa ma za ki sa?" Ba ta kunna fitila sai ɗakin ya koma kamar rijiya, wai uwarta ta ce fitila na cin ido. In idon ya yi ƙaiƙayi, da gefen zanen girki take murza shi, wanda ta gama share hannun albasa da shi. Ga taba. Na yi magana har bakina ya yi tsami.

Abin da ya karya ta rigar baftisma ce. Jikarta na da ciki, ita kuwa ta yi wata huɗu tana saƙa wuyan rigar da za a sa wa jaririn. Da ta gama sai ta ga ya yi rawaya. Ta jiƙa shi a ruwan bilic. Bai yi mata ba, ta sake. A karo na uku tana ɗagowa ya rabe a hannunta kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Na same ta zaune da guntayen a cinya, ko kofi ba ta dafa ba.

"Tashi mu je wurin likita," na ce.

"Irma, in na je cewa za a yi in ajiye saƙa. In na ajiye, me zan riƙa yi da hannuwan nan? Tafi?"

Ashe shekara uku abin da take gudu ke nan, ni kuma ina ta haushi a kan fitila.

Likitar yarinya ce ƙarama, sa'ar jikokinmu. Ta leƙa idon ta ce yanar ido ce, kuma ita ke mayar da fari rawaya. Aka cire yanar ido ɗaya, bayan 'yan makonni aka cire ta ɗayan. Ranar da aka buɗe mata bandeji, ni ta fara kallo. Ta daɗe tana kallona.

"Irma, ashe haka kika lalace?"

Godiyar da na samu ke nan.

An ba ta dokoki, kuma ni aka ɗora wa gadinsu. Tabarau nata na kanta. Fitila mai kyau ta bayan kafaɗa. Duk minti ashirin ta ɗaga kai ta kalli abu mai nisa. Na kawo mata agogon dafa ƙwai, in ya yi ƙara sai ta harari hasumiyar coci kamar ita ta yi mata laifi, ta ce, "To, na gani, tana nan." Baƙin tabarau na rana ta ce ya mayar da ita ɓarauniya, sai mun wuce gidan maƙwabta take sa shi. Kifi da ganye tana ci, don dama tana so. Taba kuwa ta ce ta daina, amma labulenta bai ce haka ba. Maganin ɗigawa sai na tsaya a kanta, tana zagina ina ɗiga mata.

Ta sake ɗaura wuyan rigar daga farko, saura wata biyu haihuwa. Sai ga ɗanta Joris daga garin Gent ran Lahadi, da ƙatuwar talabijin a bayan mota. Ya girke ta a falo, ya ɗauki matashin saƙar da alluransa ya ɗora a saman kabad.

"Mama, ya isa haka. Kin sha wuya a kan idon nan. Ki huta, ki yi kallo. Riga kuma sai mu saya a kanti."

"Likita ce ta ce in daina?"

"Ba ta ce ba, amma kowa ya san saƙa ce ta jawo miki."

"Shekaru ne suka jawo mini, kuma suna nan tafe gare ka. Dubi tsakar kanka."

Joris ya juyo wurina. "Iya Irma, ki yi mata magana mana."

Na ce ni na yi ritaya daga yi wa Lutgart magana.

Ta miƙe, ta jawo kujera gaban kabad, ta ɗora ƙafa ɗaya a kai. Joris ya yi tsalle ya riƙe ta.

"Mama, za ki faɗo! Don Allah ki bar idon nan ya huta!"

"Kai yaro, na kwanta an sa mini wuƙa a ido har sau biyu. Don in zauna ina kallon mai karanta labarai na yi? Sauko mini da abina, ko ka riƙe kujerar da kyau."